Usur ɗin Yaya Dauda

Ranar da aka raba kayan Yaya Dauda, ranar Juma'a ce, kwana uku da binne shi, mu shida ne a ƙarƙashin mangwaron gidanmu. Akwai ni Ladi, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Akwai Rifkatu, 'yarsa ta fari, malamar makaranta a Zonkwa, ita ce ma take rubuta wannan da nake faɗa, don ni ba a sa ni boko ba. Akwai Baba Ayuba daga Madakiya, wanda suka yi aikin reluwe, wato jirgin ƙasa, tare tun suna samari. Akwai Mama Ngozi mai manja, da aka haife ta a kwatas ɗin reluwe nan Kafanchan, Hausa a bakinta ta fi ta wasu. Akwai Malam Sale mahauci, mai teburin nama a bakin layinmu, ya biyo daga masallaci ya zauna a ƙarshen benci yana jan carbi. Na shidan kuwa Kwamared Istifanus ne, ɗan maƙwabcinmu da ke zaune a Abuja, wanda ya yi shekara huɗu yana gardama da marigayin a waya bai taɓa cewa "gaskiyarka" ba ko sau ɗaya.

Kayan ba su da yawa. Riguna, takalma, rediyo, Littafi Mai Tsarki da bangonsa ya fita. Aka raba aka gama, sai abu uku suka rage a kan tire: hular reluwe, da usur, da wayarsa da aka ɗaure da roba har zagaye uku. Ba wanda ya miƙa hannu. Baba Ayuba ya dubi usur ɗin, ya dube ni, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya a gidan makoki! Na harare shi. Amma ni ma sai da na cije leɓe.

Ku da kuka san shi kun san dalili. Yaya Dauda ba ya aika saƙon murya a guruf ɗin unguwa sai ya yi wanka. Ya hura gawayi, ya zuba a dutsen guga, ya goge farar rigarsa ta gadin jirgi har ta tsaya da kanta, ya sa hula, ya fito ƙarƙashin mangwaron nan inda sabis ke kamawa, ya gyara tsayuwa kamar gwamna zai wuce. Sannan ya danna waya, ya hura usur: fiiiit! Sai ya ce, "Ina gaishe da masu magana. Ina kuma gaishe da masu saurare, ku ne manya."

Ranar farko da na ga wannan, na ce, "Yaya, wa ke ganinka? Murya ce kawai ke tafiya."

Ya ce, "Ladi, murya tana sanin rigar da ke jikin mai ita. Wanda ya yi magana da singileti, maganarsa singileti ce."

Na ce, "Gawayina dai kake ƙararwa."

Ya ce, "Ki sa a lissafin ci gaban ƙasa."

Tun rasuwar maigidana na dawo gidan mahaifinmu, shi ma matarsa ta riga shi, muka zauna mu biyu, shekara goma sha ɗaya. Ni ba mai yawan magana ba ce. Ina kallo, ina ajiyewa. Shi kuwa in bai yi gardama ba abinci ba ya zama masa a ciki. Da Rifkatu ta saya mana waya kowa da tasa, ta sa mu a guruf ɗin unguwa, na san an ba wa mahaukaci kasuwa. Mutum wajen ɗari biyu ne a ciki, amma masu magana ba su fi yatsun hannu ba. Babbansu Kwamared. Daga Abuja yake turo mana labarin abin da ke faruwa a bayan gidanmu.

Wata rana na gaji, na ce, "Yaya, yaron nan ba zai taɓa yarda da kai ba. Ko ka ce masa rana ce ta fito zai ce fitila ce. Me kake wahalar da kanka?"

Ya ajiye cokali. In ya ajiye cokali, labarin jirgi ne ke zuwa.

Ya ce wata rana sun tashi daga teshan ɗin Kafanchan, sai ga wani ƙato ya maƙale a matakalar tarago, daga waje, iska na kaɗa masa riga. Bayansa wasu mutum bakwai sun ga ya yi, su ma sun maƙale. Yaya ya leƙo ya ce wa ƙaton ya shigo. Ƙaton ya ce shi tun ba a haifi gadi ba yake hawan matakala. Yaya bai yi ihu ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gaya masa, da murya yadda kowa zai ji, inda gada take a gaba, da yadda ƙarfen gefenta yake kusa da jikin tarago, da abin da ya taɓa tsinta a wurin da hannunsa. Ƙaton yana zagi, shi yana bayani.

Na ce, "To, ya shigo?"

Ya ce, "Ina! Har muka isa yana waje."

"Ashe ka yi asarar yawu."

"Bakwai ɗin nan fa, Ladi? Kafin gada, na waiga, duk suna ciki. Wannan yana ɗaure takalmi, wancan yana kallon taga, ba wanda ya ce ya ji maganata. Ni da ƙaton nake magana, amma ba don shi nake yi ba."

Na ce, "Miyarka dai ta huce."

Rowa kuwa, kai! Ban taɓa ganin mai tsimin data kamar Yaya Dauda ba. Sau uku yake buɗewa a rana: ƙarfe shida na safe, ƙarfe biyu, ƙarfe biyar. Ko guruf ya kama da wuta a tsakani, ba zai buɗe ba. Kwamared ya zage shi ƙarfe bakwai, sai ya jira har biyu kafin ya samu amsa. Ya taɓa kiran Rifkatu yana ƙorafi, wai tsohon nan yana sa shi hawan jini. Da aka gaya wa Yaya, ya ce, "Jirgi yana da lokaci. Ya zauna a benci ya jira kamar kowa."

Caji kuma a coci yake yi. Akwai wani soket bayan mawaƙa, ya gano shi tun ana ginin. Duk Lahadi yana zuwa kafin kowa, ya cusa waya, ya rufe da littafin waƙoƙi. Wata Lahadi aka kawo mana baƙon mai wa'azi, mutumin kirki, amma bai san ƙarewa ba. Awa ɗaya da rabi yana kan aya guda. Yara sun yi barci, dattawa sun bi su. Yaya ya lallaɓa zai duba ko waya ta cika, sai yatsansa ya taɓa saƙonsa na safe. Fiiiit! Jama'ar cocin gaba ɗaya ta miƙe tsaye, mata suka ce "Amin!", mai ganga ya buga waƙar tashi. Baƙon ya rufe Littafi bai san me ya same shi ba.

Bayan an tashi Fasto ya tare shi, yana ƙoƙarin ɗaure fuska. "Baba, wutar gidan Ubangiji ce fa kake sha."

Ya ce, "Aikin Ubangiji nake yi da ita, Fasto. Kai ranar Lahadi kawai kake samun jama'ar nan, rabinsu kuma suna barci. Ni ina da su sau uku a rana."

Fasto ya ce, "To ranar da na yi tsawo ni ma, kada ka hura."

"Sai dai in ka wuce awa."

Shekarar da citta ta ruɓe a gonaki, kowa ya sha kuka. Akwai gidajen da kuɗin makaranta da na biki duk a ƙasan nan suke. Kwamared ya turo cewa wai maƙiya ne suka bi da jirgin sama suna fesa guba a gonakin Kirista. Mutane suka fara tura hoton wuta da na kuka. Ƙarfe biyu ta yi, aka ji usur.

"Kwamared, ɗana, sannu da ƙoƙari. Tambaya uku gare ni. Wa ya gani? A ina? Yaushe? Sannan cittar Malam Sale da ke bayan rafi ta ruɓe har ta fi tawa wari. Shin direban jirgin nan bai iya karanta sunan mai gona ba ne?"

Sati uku suka yi. Kwamared ya kira shi tsohon da boko ya lalata. Yaya ya ce, "Na gode, har yanzu dai ina jiran sunan wanda ya gani." Ba wanda ya goyi bayan Yaya a fili, ko mutum ɗaya. Amma ranar kasuwar Zonkwa ya dawo da doya biyu a hammata. Na ce wa ya ba ka? Ya ce wata mata ce da bai sani ba, ta tare shi wajen masu barkono ta ce, "Kai ne mai usur?" ta danƙa masa, ta wuce. Ya ɗora doyar a kan tebur ya hana a dafa har kwana huɗu. Wai shaida ce. Rana ta biyar na dafa shaidar da manja.

Yanzu zan faɗi wanda ya shafe ni, kuma Rifkatu, ki rubuta shi yadda na faɗa, kada ki gyara min.

Bara, wajen ƙarshen rani, Kwamared ya turo wani bidiyo. Ana nuna nama a kan tebur, wani hannu yana yayyafa masa farin gari, wata murya tana cewa mahauta ne ke sa guba a naman da suke sayar wa unguwannin Kirista, har mutane sun fara mutuwa. Ba a ambaci sunan Malam Sale ba. Ba a buƙata. Mahauci ɗaya ne a bakin layinmu, shekara talatin yana wurin. Shi ya yanka saniyar bikin Rifkatu. Kafin kwana biyu teburinsa ya koma na ƙudaje. Yana rataye cinya da safe, yana sauke ta da yamma. Samari suka fara rubuta cewa a ɗauke teburin ko su ɗauke masa.

Ni na yarda da bidiyon. Na faɗa. Mun ga abubuwa a garin nan da idonmu, mun kwana a daji da yara a baya, ba wanda zai gaya min cewa mugunta ƙarya ce. Na daina sayen nama. Na koma busasshen kifi, kullum kifi. In zan je kasuwa sai in zagaya ta bayan layin dogo don kada mu haɗa ido da Malam Sale. Yaya ya ci kifin kwana biyar bai ce min komai ba.

A guruf kuwa ya tsaya da ƙafa biyu. Wa ya gani, a ina, yaushe. Ya ce a dubi bayan mai naman nan a bidiyo, ruwan sama ake yi kamar da bakin ƙwarya, mu kuma rabonmu da ruwa wata biyar. Ya ce a saurari yaren da ake yi a gefe, wa ya taɓa jin sa a Kafanchan? Sannan ya ce, "An ce mutane sun mutu. A ba ni sunan ɗaya, in je gaisuwa. Rashin kunya ne a yi mutuwa dattijo bai je ba."

Kwamared ya matsu, ya ce wani Luka ne mai gyaran keke a Madakiya.

Washegari Yaya ya sa baƙin nakatai a kan farar rigar, ya auni mudun shinkafa a leda, ya hau bas. Ya isa Madakiya, ya tambayi gidan Luka mai keke, ya yi sallama da muryar makoki. Ya tarar da mutum zaune a kan turmi yana shan pate, gumi har wuya.

"Kai ne Luka?"

"Ni ne, Baba."

"Ashe ka mutu. Sannu. Ya haƙuri?"

Luka ya ajiye kwano. "Ni? Yaushe?"

"Shekaranjiya. Bayan ka ci nama."

"Baba, rabona da nama tun Kirsimeti!"

Yaya ya ga agogo, biyu saura minti goma. Ya zauna ya jira. Biyu na cika ya miƙe, ya gyara hula, ya hura usur a tsakar gidan mutane, kaji suka watse. "Masu magana da masu saurare, ga ni a Madakiya, ga mamaci zai gaishe ku." Luka ya gaishe mu, har ya yi tallar aikinsa, wai yana liƙin taya da sauƙi. Da Yaya zai tafi, Luka ya ga ya ɗauki ledar, ya ce, "Baba, shinkafar fa?" Yaya ya ce, "Ta gaisuwar mutuwa ce. In ka mutu a aiko min."

Kwamared ya ce ba wannan Lukan ba ne. Yaya ya ce, "To faɗi garin da ɗayan yake. Takalmina yana da sauran ƙarfi, shinkafar ma tana nan."

Nan zagi ya ɓarke. Wai an saye shi da nama kilo biyu, ya sayar da jama'arsa, tsufa ya taɓa masa kai. Ina jin duk wannan a ɗakina, da wayar a kunne, na rage murya. Raina ya ɓaci, ba don Malam Sale ba, don sunan gidanmu. Da yamma na fito na same shi yana goge usur da gefen riga.

Na ce, "Yaya, ya isa. Yaran da ka goya suna zaginka a gaban duniya. Ba wanda ya tsaya maka. Kai kaɗai kake ta haushi, ba mai jin ka."

Ya ce, "Zo ki zauna."

"Ina da aiki."

"Zauna, Ladi."

Na zauna a bakin benci. Ya buɗe data, ba lokacinta ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya danna saƙonsa na Madakiya ya riƙe, ya taɓa wani wuri, sai ga layin ƙananan hotuna sun jero, yana ja suna zuwa, yana ja suna zuwa.

Ya ce, "Waya tana nuna wanda ya saurara. Duk waɗannan ba su ce uffan ba, amma sun ji har ƙarshe. Ga matar Fasto. Ga mai chemist. Ga uban yaron da ya ce an saye ni." Sai ya tsayar da yatsa. "Ba ki iya karatu ba, amma wannan mai ɗaurin ɗankwalin zumuntar matan coci, da fuska kamar an ci mata tuwo, kin san ta?"

Hotona ne. Rifkatu ta ɗauke ni ranar taron zumunta.

Na ce, "Hannuna ne ya taɓa."

"Shekara uku hannunki yana taɓawa. Ba saƙona ɗaya da ya wuce ki."

Na tashi zan tafi. Ya ce, "Ladi, da Baba ya sa ki makaranta ya bar ni a gona, da yanzu ke ce alƙali. Ba zan zo ɗakinki in ce ki sayi nama ba, don in na faɗa miki a fuska sai kin shekara kina cin kifi. Ki dai saurari na ƙarfe shida."

Na saurara. Bai ambaci Kwamared ba sam. Ya ce, "Ku da kuke jin tsoro, ban ce ku wawaye ba ne. Ni ma na gudu a garin nan da takalmi ƙafa ɗaya. Amma a lokacin ma akwai waɗanda suka buɗe mana ƙofa, kuma ba duka 'yan cocinmu ba ne. Ku tambayi kanku abu ɗaya: shekara talatin kuna cin naman mutumin nan, wa kuka binne?" Ya hura usur ya rufe.

Na yi kwana biyu ina ƙirga gidajen layinmu a zuciya, ɗaya bayan ɗaya. Ban samu kowa ba.

Ranar Asabar na fita da sassafe, na ce in je in dawo kafin ido ya buɗe. Na sha kwana, sai ga mata huɗu a gaban teburin Malam Sale. Matar Fasto, da biyu daga zumunta, da Mama Ngozi. Kowa tana kallon wani gefe kamar jiran mota muke yi.

Na ce, "Ngozi, me ya fito da ke?"

Ta ce, "Na kare nake saya."

"Yaushe kika yi kare?"

"Zan yi."

Malam Sale ya ɗauki wuƙa. Ya yanka, ya auna, ya ƙara wa kowa gyara. Da rana na ajiye wa Yaya miyar. Ya tsoma cokali ya ɗago tsoka, ya juya ta, ya ce, "Kifin yau ya yi ƙashi da yawa." Na ce ya ci ko ya bari. Haƙori huɗu gare shi a lokacin, amma sai da ya ga bayanta.

Kwamared bai taɓa janye maganarsa ba. Ya dai koma wani zance. Teburin ya zauna.

Ciwon Yaya bai daɗe ba, kwana tara. Rana ta bakwai a asibiti ya sa Rifkatu ta kawo masa rigar, a goge. Nas ta ce ba a hura usur a ɗakin marasa lafiya. Ya ce ta kwantar da hankalinta, iskar da ta rage masa ba za ta tashi sauro ba. Gaskiyarsa. Da ƙyar ta fita. Ya ce, "Masu magana, na gode, kun ba ni aikin yi bayan ritaya. Masu saurare, ku ci gaba da tambaya uku. Ni a tasha ta gaba zan sauka." Ya ba wa Rifkatu wayar, ya ce, "Rufe data."

To, muna zaune ranar Juma'ar nan, abu uku a kan tire, Baba Ayuba ya gama ba da labarin Luka muna share hawayen dariya, sai wayoyi suka yi ƙara lokaci guda. Rifkatu ta duba, fuskarta ta canja. Ta juyo min da ita. Naman nan ne. Hannun nan ne, da farin garin, da ruwan saman. An dai sa wata sabuwar murya tana cewa jiya aka ɗauka a Kafanchan.

Na ce, "Wa ya turo?"

Rifkatu ta dubi Kwamared. Yana zaune a gabanmu da wayar a cinya.

Ya ce, "Mama, abeg, ki yi haƙuri, yadda na samu haka na tura. Gara mutane su sani."

"A gidan mutuwarsa? A kan bencinsa?"

"Ni fa ina girmama Baba. Ban dai taɓa yarda da shi ba ne."

Kafin ya rufe baki, amsoshi sun fara shigowa. Rifkatu tana karanta mana. Wani ya ce bara tsoho ne ya hana, bana babu tsoho. Wani ya ce gobe Asabar ƙarfe tara a haɗu a bakin layi. Muka jira ko wani zai ce wani abu. Ƙarfe biyu ta wuce tuni, biyar ta zo ta wuce. Mutum ɗari biyu, shiru.

Malam Sale ya mayar da carbi aljihu ya miƙe. Ya ce, "Mama Ladi, Allah ya ba ku haƙuri. Mai tsaya min ya tafi. Gobe ba zan yanka ba. Zan sa a ɗauke teburin in koma cikin gari, kada a zubar da jini a kaina."

Na ce, "Malam, ka yanka."

"Mama..."

"Na ce ka yanka. Ka ajiye min cinya."

Baba Ayuba ya ɗauki hula, shi ya cancanta. Rifkatu ta ɗauki wayar ubanta. Ni na miƙa hannu na ɗauki usur na ƙulle a bakin zani. Mama Ngozi ta buɗe baki, na dube ta, ta rufe.

Washegari tun kafin shida na hura gawayi. Ina jiran dutsen guga ya yi zafi, na durƙusa a inda yake tsayawa. Na ce, Ya Uba, ga bawanka Dauda ya iso wurinka, na san da rigarsa a goge. Ka gafarta masa taurin kai da wutar coci da ya sha. Ka ba shi benci a inuwa, ka ba shi wanda zai yi gardama da shi, don in ba haka ba ba zai huta ba. Ni kuma da na yi shekaru ina ji ina shiru, ka buɗe min baki yau. Cikin sunan Yesu.

Na goge zanen zumunta, na ɗaura ɗankwali. Rifkatu ta nuna min inda ake dannawa a riƙe. Na hura. Wayyo, ashe abin da wuya! Sau biyu yana fitar da yawu kawai, na uku ya tashi tantabarun maƙwabta.

Na ce, "Ina gaishe da masu magana. Ina gaishe da masu saurare, ni ɗaya ce daga cikinku. Ni ce Ladi, ƙanwar Dauda. Shekara huɗu ina jin ku ban ce komai ba. Bara na yarda da bidiyon nan, na zagaya ta layin dogo don kada in gaishe da mutumin da bai yi min komai ba. Na ji kunya. Bidiyon bara ne, ku duba, ruwan ma bai tsaya ba har yau. Wa ya gani? A ina? Yaushe? Ƙarfe takwas ina teburin Malam Sale da kujerata. Zan saya, zan dafa, zan ci. In na mutu, Kwamared ya zo gaisuwa, shinkafar Yaya tana nan a leda."

Na saki. Na ɗauki kujera 'yar tsugunno da kwano.

Ban kai ƙofa ba Kwamared ya amso, wai Mama ba ta fahimci yadda duniya take ba. Rifkatu ta ce, "Mama, za ki ba shi amsa?"

Na ce, "Danna ki riƙe. Nuna min hotunan."

Ta danna. Suna ta jerowa. Na tsaya na dube su ɗaya bayan ɗaya, na san uwar kowa. Ga matar Fasto, ga mai chemist, ga biyu daga cikin samarin da suka ce ƙarfe tara.

Na ce, "Rufe data. Ya jira ƙarfe biyu."

Na fita. Malam Sale ya rataye cinyar, yana tsaye shi kaɗai yana kallon hanya. Na kafa kujerata a gefen teburinsa, na ɗora usur a cinya, na fuskanci layi. Can sai ga Mama Ngozi ta ɓullo da kwano, bayanta wasu mata uku, kowa tana kallon wani gefe.

Na ɗaga murya yadda duk layin zai ji, na ce, "Ngozi, karen ya yi girma?"

Ta ce, "Babu wani kare, Ladi. Matsa min in zauna."